LEBAKEZE: GASASSHEN NAMAN JAMUSAWA DA SUNANSA KE YAUDARAR BAƘO

Da misalin ƙarfe tara zuwa goma na safe, a garuruwan Jihar Bavariya da ke kudancin Jamus, akan ga magina da direbobi da akawuna da 'yan makaranta sun yi layi a shagunan mahauta, alhali kuwa ba ɗanyen nama suka zo saye ba. A gefen teburin mahauci akwai wani akwatin gilashi mai ɗumi, a cikinsa an ajiye curin gasasshen nama mai siffar burodin gwangwani, bayansa ya yi ja ya ƙame, cikinsa kuwa ruwan hoda ne mai santsi. Mai sayarwa takan ɗora wuƙa a kan curin ta dubi mai saye, shi kuma ya ce a ƙara ko a rage. Sa'an nan ta yanko masa kamar kaurin yatsa, ta tsaga wani ɗan kewayayyen burodi da suke kira Semmel, ta shafa mastad, ta cusa naman a tsaka, ta miƙa masa a takarda tun yana turiri.

Wannan nama shi ne Lebakeze, wanda Jamusawa ke rubutawa Leberkäse. Yana cikin abincin hantsi na Bavariyawa da suke kira Brotzeit, watau lokacin burodi, kuma ana cin sa ƙwarai a Ostiriya da Siwizalan. A wajejen birnin Stuttgart har laƙabi aka yi wa burodin da ke ɗauke da shi, ana ce masa LKW, haruffan da a Jamusanci suke nufin babbar motar ɗaukar kaya. Leburan da ya ci guda biyu ba ya neman kome sai azahar.

To, amma ga Musulmin da ya je ƙasar baƙunta, ko ɗalibi ne ko ɗan kasuwa ko mai neman magani, wannan ƙamshi da ke tashi daga shagon mahauci yana tattare da tarko, tarkon kuwa yana cikin sunan abincin.

SUNA DABAN, CIKI DABAN

Wanda ya fara koyon Jamusanci ya san Leber ita ce hanta, Käse kuma shi ne cuku. Idan ya haɗa kalmomin biyu sai ya ɗauka hanta ce da cuku, ya ga ai babu laifi. Gaskiyar magana ita ce, Lebakeze irin na Bavariya babu cuku a cikinsa, galibi kuma babu hanta. Abin da ke ciki shi ne naman alade da kitsen alade, da ɗan naman sa, da ƙanƙara, da gishiri da kayan ƙamshi. Masu bin asalin kalmomi da yawa suna danganta kashin farko na sunan da kalmar Laib, wadda ke nufin curin burodi, kashi na biyu kuma da kamannin abin, domin an cura shi ne kamar yadda ake cura cuku.

Su kansu Jamusawa sun san sunan yana da ruɗarwa, shi ya sa littafin ƙa'idojin abinci na ƙasar ya yi magana a kansa. A wajen Bavariya, abin da aka sayar da sunan Leberkäse kawai lalle ne a sami hanta a ciki, in kuwa babu sai a kira shi Fleischkäse, watau cukun nama, ko kuma a rubuta cewa irin na Bavariya ne. Na birnin Stuttgart dole hantar da ke cikinsa ta kai kashi 5 cikin 100. A birnin Viyana na Ostiriya kuwa akwai wanda ake yi da naman doki, kuma yana da masoya.

Game da asalinsa, labarin da ya fi yawo shi ne na Yarima Karl Theodor, wanda ya gaji sarautar Bavariya a ƙarshen shekarar 1777, ya taso daga Mannheim ya koma Munich a 1778. An ce a cikin ayarinsa akwai wani mahauci, shi ne ya fara niƙa naman sa da na alade ya gasa a gwangwanin burodi. Masana tarihi suna ɗaukar wannan a matsayin labarin baka. 

MATAMBAYI BA YA ƁATA

Tun daga shekarar 1961, sa'ad da Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da ƙasar Turkiyya, Musulmi suka fara yawaita a ƙasar, har wani binciken hukuma na shekarar 2020 ya ƙiyasta sun haura miliyan 5. Saboda haka a manyan birane akwai mahautan Musulmi da ke yin Lebakeze da naman sa ko na talo-talo zalla. Amma a shagon mahauci na gargajiya, ko a tashar jirgin ƙasa, ko a gidan mai, abin da ya kamata baƙo ya ƙaddara shi ne akwai alade a ciki, sai fa in an tabbatar masa babu.

Akwai kalmomi biyu da ya wajaba matafiyi ya haddace: Schwein, shi ne alade, da Speck, shi ne kitsensa. Doka ta tilasta a jera kayan haɗi a jikin duk abincin da aka sayar a ƙunshe, saboda haka dubawa ba ta da wuya. Har wa yau kada kalmar Kalb, watau maraƙi, ta kwantar wa mutum da hankali, domin sau da yawa wanda aka sa wa sunan maraƙi ma da naman alade da kitsensa aka haɗa shi. Haka kuma kasancewar nama na sa ne ba ta nuna yadda aka yanka san ba. Wanda ke son ya ci da natsuwa, ko yana Jamus ko yana Kano ko Legas, hanyar da ta fi sauƙi ita ce ya sayi naman da ya yarda da yankansa, a haɗa a gida.

ASIRIN YANA CIKIN SANYI

Uwargidan da ta saba da dambun nama ko ƙosan nama za ta ɗauka niƙa nama da gasawa ba wani aiki ba ne. Sai dai Lebakeze ya bambanta da sauran niƙaƙƙen nama, domin idan an yanka shi ba a ganin tsoka daban kitse daban, ba ya kuma marmashewa. Yana yankuwa sumul, yana da ɗan tauri mai danƙo a baki. Dalilin haka shi ne, a cikin tsoka akwai wani sinadari mai suna mayosin. Idan aka niƙa tsoka da gishiri, gishirin yakan jawo wannan sinadari waje ya zama kamar ƙaro, ya kama ruwa, ya kuma lulluɓe ƙananan ɗigon kitse. Da wuta ta taɓa shi sai ya daskare da ruwan da kitsen a cikinsa.

Abokin gaban wannan haɗi shi ne zafi. Wuƙar inji tana juyawa da sauri, gogayyarta tana ɗumama nama, da zarar kitse ya fara narkewa kuwa ƙaron nan ba zai iya riƙe shi ba. Sakamakon shi ne a fitar da gwangwani daga wuta a tarar da busasshen nama yana iyo a cikin mai. Don haka mahautan Jamus suke zuba niƙaƙƙiyar ƙanƙara a cikin babban injinsu mai suna Kutter, suna kuma lura kada zafin ƙullun ya wuce digiri 12 a ma'aunin Salshiyas. Ƙanƙarar tana aiki biyu, tana sanyaya wuƙa, in ta narke kuma ita ce ruwan da ke sa nama taushi.

A ƙasa mai zafi irin tamu wannan ita ce babbar jarrabawa. Ya fi kyau a yi aikin da sassafe, a ranar da ake da wutar lantarki, a kuma tanadi ƙanƙarar da aka yi da ruwan sha mai tsabta, tun da narkewa za ta yi a cikin abincin.

Matsala ta biyu ita ce ta kitse. Kitsen alade yana da laushi, na sa kuwa yana da tauri, yana kuma daskarewa a dasashi in ya huce. A nan shanunmu sun yi mana rana, domin suna da tozo, wanda kitsensa ya ratsa cikin tsoka. Idan aka haɗa tozo da cinyar kaza mai fata, ana samun laushin da ake bukata ba tare da an kusanci haram ba.

KAYAN HAƊI

Domin gwangwanin burodi guda, wanda zai ishi mutum 6 zuwa 8, ana bukatar tsokar sa giram 500 wadda aka cire wa jijiya, da tozo mai kitse giram 250, da cinyar kaza giram 250 da fatarta amma babu ƙashi, da ƙanƙara giram 200. Sai gishiri giram 20, watau kusan ƙaramin cokali 4 a shafe, da ƙaramar albasa guda. Kayan ƙamshi su ne farin masoro ƙaramin cokali 1, da gyaɗar ƙamshi da garin citta da garin koriyanda rabin ƙaramin cokali kowanne, da ɗan kankararren ɓawon lemon tsami. Daga ƙarshe sai bekin hoda ƙaramin cokali 1, wanda masu yi a gida suke sawa a madadin sinadarin da mahauta ke amfani da shi domin nama ya riƙe ruwa.

Gishirin nan kada a rage shi da yawa da nufin kyautatawa, domin shi ne ke ɗaure naman. Barkono da daddawa kuwa ba su da gurbi a nan. Wanda ke son yaji sai ya barbaɗa a kan rabonsa.

YADDA AKE YI

Da fari a yayyanka naman ƙanana, a shimfiɗa a faranti, a sa a firiza kamar minti 30 zuwa 45, har gefensa ya fara ƙanƙara amma bai zama dutse ba. Wuƙar injin da kwanonsa su ma a sanyaya su. A niƙa tsokar daban, tozo da kaza daban, a injin niƙa nama, da mafi ƙanƙantar raga, sau biyu. In a kasuwa za a niƙa, to a tsaya a ga an wanke injin, a kuma garzayo da naman gida a cikin ƙanƙara, domin niƙaƙƙen nama ba ya jimre zafi. Mahautan Jamus sun daɗe da ƙa'idar cewa naman da aka niƙa a ranar ake sayar da shi. Bayan niƙan a mayar da shi firiza minti 20. Ƙanƙarar kuma a ɗaure ta a ƙyalle mai tsabta a daddaka ta har ta yi kamar tsaki.

Sa'an nan a zuba tsokar a injin markaɗe mai wuƙa, tare da gishiri da bekin hoda da rabin ƙanƙarar, a markaɗa har ta yi danƙo tana kama cokali. Wannan mataki shi ne ginshiƙin aikin, kuma tsoka da gishiri ne kaɗai ke fara shiga, kitse yana jira. Bayan haka a zuba tozo da kaza da gurzajjiyar albasa da kayan ƙamshi, a ci gaba da markaɗawa ana ƙara sauran ƙanƙarar kaɗan kaɗan, har ƙullun ya yi laushi yana sheƙi, babu gudaji. Injin gida ba shi da ƙarfin na mahauta, saboda haka a kasa naman kashi uku ko huɗu, a riƙa tsayawa ana taɓa ƙullun. Muddin yatsa ya daina jin sanyi sosai, a mayar firiza minti 10 kafin a ci gaba. Sauri ya haifi nawa.

A shafa mai a gwangwanin burodi, a zuba ƙullun ana dannawa, a buga gindin gwangwanin a kan tebur domin iskar da ta maƙale ta fita. A jiƙa hannu da ruwan sanyi a shafe saman ya yi ɗan tudu, sa'an nan a tsattsaga shi da wuƙa a gicciye, layi kan layi, zurfin kamar rabin santimita. Wannan zane shi ne alamar Lebakeze a ko'ina, yana kuma hana ɓawon fashewa ta inda ba a so.

A gasa a obin mai zafin digiri 160 kimanin minti 75 zuwa 90, a ƙara wuta zuwa digiri 200 a minti 10 na ƙarshe domin bayan ya yi ja. Tun da akwai kaza a ciki, lalle zafin tsakiyarsa ya kai digiri 75. Wanda ba shi da ma'aunin zafi sai ya soka tsinke a tsakiya: in ruwan da ya fito garau yake, babu alamar jini, to ya nuna. Gidan da babu obin, dabarar nan ta gasa kek a babbar tukunya mai yashi a ƙasa da garwashi a kan murfi tana yi, muddin an bi ta da wuta kaɗan. In an sauke a bar shi ya huta minti 10 kafin a sa masa wuƙa.

Kada uwargida ta damu in ta ga cikin nata ya fito ruwan toka-toka maimakon ruwan hoda. Launin na shago ya samu ne daga wani gishiri na musamman mai ɗauke da sinadarin naitirait kimanin rabin kashi 1 cikin 100. Ko a Bavariya akwai irin da ake yi ba da shi ba, ana kiran sa fari.

BURODI DA MASTAD

Burodin Semmel ƙarami ne, bayansa yana da ƙaras-ƙaras, cikinsa da laushi, kuma ba shi da zaƙi. Burodinmu na gwangwani ya fi shi sukari da taushi, saboda haka a nemi marar zaƙi, a ɗan gasa shi a kasko ba mai domin ya iya ɗaukar nama mai zafi. Inda ake samun dogon burodin nan irin na Faransa, kamar a Jamhuriyar Nijar, shi ya fi kusa da na asali.

Mastad ɗin da Bavariyawa suka fi so mai zaƙi ne, wanda wani ɗan kasuwa mai suna Johann Conrad Develey ya fara haɗawa a Munich a shekarar 1854. Ana iya kwatanta shi a gida: babban cokali 3 na mastad ɗin kanti, a dama da babban cokali 1 na zuma ko narkakkiyar mazarƙwaila. A yanko nama kaurin yatsa, a shafa mastad, a ɗora 'yan yankan kokwamba da aka jiƙa a ruwan lemon tsami da gishiri, a rufe. Yankan bakin curi, mai ɓawo ta gefe guda, shi ne ake rububi a kansa a shagunan Munich, saboda haka mai rabo ya san wanda zai ba.

Abin da ya kwana kuwa ba a zubarwa. Washegari akan soya yankan a kasko har ya yi ja ta kowane gefe, a ɗora masa soyayyen ƙwai, a ci da dankalin Turawa. A firji yana kwana 3 lafiya. In babu tabbacin wuta, a cinye shi a ranar.

ZOMON ƘARYA

Gidan da ba shi da injin markaɗe mai ƙarfi ba a bar shi a baya ba, domin Jamusawa suna da wani curin naman mai sauƙin yi, shi ma da suna mai yaudara. Suna kiran sa Falscher Hase, watau zomon ƙarya, saboda ana cura shi kamar gadon bayan zomo alhali babu zomo a ciki. A can rabin naman sa ne rabi alade, saboda haka gargaɗin da ya gabata ya shafe shi. A gida sai a sami niƙaƙƙen naman sa mai ɗan kitse giram 500, da kwanannen burodi kamar cikin tafin hannu wanda aka jiƙa a madara aka matse, da ɗanyen ƙwai 1, da soyayyiyar albasa, da mastad da gishiri da masoro. A cuɗa sosai, a shimfiɗa rabi, a jera dafaffen ƙwai 3 a tsaka, a rufe da sauran, a gasa a digiri 180 kusan awa guda. In ya huce yana yankuwa da kyau, kowane yanka da idon ƙwai a tsakiyarsa, kuma yana shiga burodi kamar ɗan'uwansa.

A CI DA LISSAFI

Ya kamata a san cewa Lebakeze abinci ne mai nauyi, an yi shi ne domin mai aikin ƙarfi a ƙasar sanyi. A watan Oktoba na 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa da gishiri da sinadarai a cikin jerin abubuwan da ke haddasa cutar daji, ta ce cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin kamuwa da ta hanji da kimanin kashi 18 cikin 100. Na gida ba shi da naitirait, wannan riba ce, amma gishirinsa da kitsensa suna nan. Mai hawan jini da wanda likita ya hana maiƙo sai su yi hattara, sauran jama'a kuma su ɗauke shi abincin marmari, na ranar hutu ko na bayan Babbar Salla sa'ad da nama ya yawaita a gida.

Mai saye a shagon Munich yana dogara ne da suna da kuma amanar mahauci, sunan kuwa an ga yadda yake. Uwargidan da ta je kasuwa ta zaɓi tsoka da tozo da idonta, ta daka ƙanƙararta, ta tsaya a kan injinta, ta san duk abin da ta cusa a cikin burodin da ta miƙa wa maigida da yara. In karon farko mai ya tsatso a gwangwani, naman bai ɓaci ba, a soya shi da ƙwai a ci. Karo na biyu sai a ƙara ƙanƙara, a kuma fara tun rana ba ta ɗaga ba.